GUDUMMAWA: MA'ANARTA DA YADDA MUKE AMFANI DA ITA

(Wannan shi ne jawabin da kwamitin asusu ya gabatar a babban taronmu na shekara a nan Anacha. Mun buga shi ne saboda 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.)



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu dattawa, shugabannin 'yan albasa da 'yan gwari da 'yan goro da mahauta da 'yan canji, iyayenmu mata da ke zaune daga can gefe, da baƙinmu da suka taso daga Inugu da Fatakwal, muna yi wa kowa barka da zuwa, sannunku da hanya.

An umurce mu da mu yi bayani a kan asusun ƙungiya. To, da muka zauna muka duba littafi, sai muka ga ciwon ba a lissafi yake ba. Lissafi daidai yake, ma'aji bai ci ko kwabo ba. Abin da ya same mu shi ne akwai wata kalma da kowa ke faɗi a bakinsa, amma kowa da abin da yake nufi da ita. Wannan kalma kuwa ita ce gudummawa. Idan sakatare ya bi rumfuna ya ce a kawo gudummawa, wani sai ya ji kamar haraji aka aza masa, wani ya ɗauka bara aka zo yi, wani kuma ya ɗauka ajiya ce yake yi wadda zai zo ya karɓa da riba. Saboda haka muka ga ya kamata mu tsaya a kan kalmar tukuna, kafin mu zo ga maganar kuɗi.

Da farko dai, ko a wajen faɗi ba mu zama ɗaya ba. Wani ya ce gudummawa, wani gudummuwa, wani kuma in zai rubuta sai ya sa gudunmawa. Wannan ba abin jayayya ba ne. Ai haka harshenmu yake, muna rubuta “gidan Bala” amma a baki “gidam Bala” muke cewa. Abin lura shi ne duk yadda ka faɗe ta, kunnenka zai ji “gudu” a farkonta. Ku riƙe wannan, domin a nan maganar take. Ba a san mai gudummawa da tafiyar hawainiya ba.

A zamanin kakanninmu, kalmar ta fagen fama ce. Idan abokan gaba suka kewaye gari, mutanen garin suka fito suna kare kansu, sai a tashi ɗan aike a kan doki zuwa garuruwan maƙwabta. Dakaru da mahayan da za su taso su zo su ƙara wa mutanen garin ƙarfi, su ne gudummawa. Ku lura da kyau: masu gudummawa ba su ne suka fara yaƙin ba, kuma ba a bar musu shi su kaɗai ba. Sun tarar da masu gari a tsaye da makamansu, suka shiga bayansu. Wato gudummawa ƙari ce a kan ƙoƙarin da mutum ya riga ya fara da kansa. Shi ya sa Bahaushe ke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Akwai wani darasi a tarihin Kano da ya dace da mu. A shekarar 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba, suka fice zuwa Takai a ƙarƙashin Yusufu, aka shiga abin da ake kira Yaƙin Basasa. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna da umurni su kai wa Tukur gudummawa, amma da yawansu suka yi ta jan ƙafa, domin zuciyarsu ba ta tare da al'amarin. A 1894 Aliyu Babba ya shiga Kano. To, kun ji. Idan takardar Sarkin Musulmi ba ta iya fitar da gudummawa daga zuciyar da ba ta so ba, ina ga takardar sakatarenmu? Ba a tilasta gudummawa. Ranar da aka tilasta ta, ta tashi daga sunanta.

Yanzu bari mu jera ta da 'yan'uwanta, domin Hausa ba ta da talaucin kalmomin taimako, kuma kowace da mazauninta.

Akwai zakka. Ita wajibi ce a kan wanda dukiyarsa ta kai nisabi ta kuma shekara, kashi ɗaya cikin arba'in, kuma an ƙayyade mutane iri takwas da ake ba. Malamai suna nan, su ne masu wannan fage. Abin da za mu ce kawai shi ne kada wani ya fitar da zakkarsa ya kawo wa ma'aji ya ce ga gudummawarsa. Ka haɗa abu biyu da ba a haɗawa.

Akwai sadaka. Ita daga mai shi take zuwa ga marar shi, don neman lada, ba a kuma jiran komai daga wanda aka ba. Gudummawa kuwa tsakanin tsara take tafiya. Alhajin da ke sauke tirela uku a mako ana kai masa gudummawa ranar aurar da 'yarsa, ya karɓa da hannu biyu, ba wanda zai ce an yi masa sadaka. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai a gare mu, domin mun san mutane masu mutunci a cikin kasuwar nan da jarinsu ya karye, suka gwammace su sulale su koma gida cikin dare da a ce an tara musu kuɗi. Da sun san gudummawa ce ba sadaka ba, da ba su ji kunya ba. Sarki ma ana kai masa gudummawa.

Akwai agaji. Shi na wanda ya riga ya faɗi ne, ruwa ya ci shi ko wuta ta kama shi, ba ya iya yi wa kansa komai. Akwai kuma tallafi, wato ka sa hannu a ƙarƙashin abu ka riƙe shi don kada ya faɗi, kamar yadda ake cewa ɗan tallafi ga yaron da wani ya ɗauka yake reno. Shi tallafi yana daɗewa, kuma wanda ake tallafa yakan jingina har ya manta da ƙafarsa. Kowa ya ga abin da ya faru ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur: kafin mako ya zagayo kuɗin motar kaya daga Arewa ya tashi, mu da ke nan muka ji a jikinmu. Ita gudummawa ba a jingina da ita. Takan zo ne ta taya ka tsallake wani rami, sa'an nan ta koma inda ta fito.

Sai gayya da adashi. Gayya ƙarfi ake tarawa a gonar mutum ɗaya, ya ciyar da mutane, gobe a tafi ta wani. Adashi kuwa zubi ne da kwasa, kowa ya san ranarsa, ya san adadinsa, abin da ka zuba shi za ka ɗauka. Wanda ya ɗauki asusun ƙungiya a matsayin adashi, shi ne za ka ji yana cewa, “Shekara biyar ina zubawa, ban taɓa cin ko sisi ba.” Malam, ai sai ka gode wa Allah. Shekara biyar ke nan rumfarka ba ta ƙone ba, motarka ba ta faɗi ba, ba ka kwana a asibiti ba.

Wadda ta fi kusa da gudummawa ita ce biki irin na iyayenmu mata. Ranar suna ko aure ƙawa takan kawo wa ƙawarta kuɗi ko atamfa ko kwano, a riƙe a ka, wani lokaci ma a rubuta, in nata ya zo a rama mata, galibi har da ƙari. A nan ne mutane ke ruɗewa, su ce ashe gudummawa bashi ce. A'a. Bashi ana bin sa, ana kai ƙara a kansa gaban Sarki ko gaban alƙali, in mutum ya mutu a fitar da shi kafin a raba gado. Ba mu taɓa jin an kai wani ƙara don bai rama gudummawa ba. Amma fa kada wannan ya sa wani ya saki jiki. Wanda aka kai wa ya ƙi kaiwa, ba za a ce da shi komai ba, sai dai ranar da tasa ta same shi ya waiwaya ya ga ba kowa a bayansa. Wannan hukunci ya fi na alƙali zafi.

Ku duba kuma kalmomin da ke rakiyar ta. Bahaushe cewa yake yi an kai gudummawa, ko an kawo gudummawa. Kai da kawo duka aikin ƙafa ne, zumunta kuwa a ƙafa take. Daga baya, musamman a bakin 'yan rediyo da 'yan jarida, aka saba da cewa wane ya ba da gudummawa wajen ci gaban ilmi ko wajen zaman lafiya. Wannan ma ya zauna, Hausa ce, ba mu ƙi ta ba, har ma ta tuna mana cewa gudummawa ba lalle sai kuɗi ba. Amma akwai wata sabuwa da muke ji a layukan kasuwar nan, wai “na biya gudummawata.” Biya? Haraji ake biya, da kuɗin rumfa, da kuɗin wuta, da tara. Duk ranar da kuka ji mutum ya ce ya biya gudummawa, to ku sani a zuciyarsa ya riga ya mai da ƙungiya ofishin haraji, mu kuma 'yan kwamiti ya mai da mu masu yankan rasit.

To, me ya sa wannan magana ta fi damun mu fiye da 'yan'uwanmu da ke gida? Dalili a fili yake. Mutumin da ke Kano ko Sakkwato ko Katsina, in wani abu ya same shi, kafin ya buɗe baki dangi sun cika zaure, ga surukai, ga abokan tasowa. Mu kuwa tsakaninmu da dangi tafiyar yini da kwana ce a mota. Kafin labari ya je, a yi shawara, a tashi wani ya hau mota ya biyo ta Lakwaja ya iso, an riga an yi abin da za a yi. Danginmu na nan su ne waɗanda ke zaune a wannan rumfa yau. Bakano da Basakkwace da Bazazzagi da Ba'adare da mutumin Maraɗi, da can a gida kowa da garinsa, amma da muka ƙetare Kwara duk mun zama 'yan ɗaki ɗaya.

Kuma garin nan ya sha nuna mana haka. Dattawanmu sun ga yadda aka buɗe gadar Kwara a 1965, suka ga tashin hankalin 1966, suka ga yaƙin da aka yi daga 1967 zuwa 1970, wanda a cikinsa Babbar Kasuwa ta ƙone, gadar ma aka karya ta. Waɗanda suka dawo bayan yaƙi da hannu biyu suka dawo. Wanda ya riga ya sami rumfa shi ya ba na bayansa gefen tabarma da kwandon farko na kaya. Ba ƙungiya a lokacin, ba asusu, ba littafi, amma akwai gudummawa.

Yawancinmu kuma mun ga watan Fabrairu na 2006. Rikici ya tashi a Maiduguri aka kashe mutane, cikinsu har da 'yan ƙabilar Ibo da yawa, bayan 'yan kwanaki ramuwa ta faɗo a kanmu a nan Anacha. Aka rasa rayuka, aka ƙone dukiya, wasunmu suka fake a barikin soja, wasu suka ƙetare gada da ƙafa zuwa Asaba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, Allah kada ya maimaita mana. Abin da ya sa muka tuno da wannan shi ne mu tambayi kanmu: wa ya fara isowa gare mu? Kafin wata hukuma ta motsa, 'yan'uwanmu na Asaba ne suka tarye mu da ruwa da burodi da tabarmi. Kuma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta: akwai maƙwabtanmu Ibo da suka ɓoye mutanenmu a ɗakunansu, akwai waɗanda suka kulle mana shaguna suka riƙe mabuɗi har muka dawo. Wannan ita ce gudummawa da ainihin sunanta, ta zo da gudu, ta zo a kan lokaci, ba ta tambayi garinku ba.

Haka nan ranar 16 ga Oktoba 2019, da tankar mai ta faɗi a Upper Iweka, man ya bi kwata da wuta har cikin kasuwar Ochanja. Mutane suna tsaye suna kallon dukiyarsu tana ci, sai da 'yan kwana-kwana suka ƙetaro daga Asaba. Wanda ya ga wannan rana ba sai an yi masa bayanin bambancin gudummawar da ta iso da wuri da wadda ta makara ba. Ta biyun Bahaushe ya riga ya raɗa mata suna: ihu bayan hari.

Yanzu bari mu taɓa kanmu, kowa ya yi haƙuri. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

A lokacin ambaliyar 2022, ruwa ya shafe hanya wajen Koton Ƙarfe da Lakwaja, motocin kaya suka yi kwanaki a tsaye. Wani ɗan'uwanmu a layin 'yan albasa, ba za mu kama suna ba, ya zuba duk jarinsa a mota ɗaya daga Aliero, har da kuɗin mutane. Da motar ta iso aka kwance tamfol, wari ne ya fara yi mana sallama. Muka taru a nan, aka kawo lasifika, aka yi ta shela: Alhaji wane ya yi alkawarin kaza, aka yi kabbara, wane ya ninka, aka sake kabbara. A takarda an tara abin da zai tsai da shi da ƙafarsa har ya yi saura. Da sakatare ya fara bin mutane, sai “dawo gobe”, sai “kaya ba su fita ba”, sai “Alhaji ya yi tafiya”. Wata uku ana wannan. Kafin a haɗa abin da aka samu, masu bin sa bashi sun ƙure shi, ya sayar da rumfar, ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Kuɗin da muka aika masa daga baya ya karɓa ya yi godiya, amma rumfar ta riga ta tafi. Mu muka yi wannan, ba wasu ba. Abin da muka kai masa ta'aziyyar jari ce, ba gudummawa ba.

Laifi na biyu shi ne mun fi sakin hannu wajen shagali. In attajiri zai yi biki, ambulan har ta rasa wurin ajiyewa. In ɗan dako ya karye a ƙafa, ko mai shayi ya rasu ana neman kuɗin likkafani da na motar da za ta mai da matarsa da 'ya'yansa gida, sai a yi ta kallon juna. Ai gudummawar yaƙi inda ganuwa ta fi rauni ake kai ta.

Laifi na uku na masu karɓa ne. Akwai wanda ko motsi bai yi ba, ya zo ya ce ƙungiya ta ba shi jari. Mun faɗa tun farko, gudummawa ƙari ce. Sai ka ɗora kayanka ya kai gwiwa sa'an nan a taya ka kai shi ka. Mu duba maƙwabtanmu mana. Yaron Ibo yakan yi shekaru yana yi wa ubangidansa hidima a shago kafin a sallame shi da jari, kuma kusan kowane gari nasu yana da ƙungiya da ranar taro da littafi. Mu ma muna da irin wannan tun zamanin fatake, tsakanin maigida da yaransa, tsakanin fatoma da baƙinsa. Sakaci ne ya sa muka bar shi ya yi rauni.

Saboda haka kwamiti yana kawo shawara huɗu gaban Sarki da jama'a.

Ta ɗaya, a raba littafi biyu. Kuɗin wata-wata na ƙungiya a kira shi kuɗin ƙungiya, shi wannan biya ake yi, da rasit. Gudummawa kuwa a bar ta da sunanta, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, kada a yanka wa kowa.

Ta biyu, a daina shelar alkawari a lasifika. Abin da ke hannunka shi ne gudummawarka. Naira ɗari biyar da ta shiga hannun ma'aji yau ta fi dubu hamsin da ke bakin mai ita.

Ta uku, a ajiye wani abu a asusu wanda Sarki da ma'aji da shugaban layin da abin ya shafa za su iya fitarwa cikin kwana uku, ba sai an jira babban taro ba, daga baya su kawo bayani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da aka shiga zaman gida na ranar Litinin a watan Agusta na 2021, da wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, kowa ya ga yadda ciniki kan tsaya ba shiri.

Ta huɗu, a rubuta gudummawar da ba ta kuɗi ba, a kuma girmama ta. Direban da ya ɗauki marar lafiya kyauta, matar da ta dafa wa masu zaman makoki abinci, yaron da ya kwana a asibiti yana jinyar wanda ba ɗan garinsu ba, mai jin Ibo da ya raka ɗan'uwa wurin mai gidan haya ya yi masa tafinta, duk sun kai gudummawa, wani lokaci ma fiye da mai ambulan.

Muna kuma roƙon baƙinmu na Inugu da Fatakwal su kai wannan magana gida. In wuta ta kama a wurinku, mu ne mafi kusa da ku, in ta kama a nan, ku ne mafi kusa da mu. Ya kamata shugabanni su riƙa jin muryar juna tun ana zaman lafiya. Kada mu manta kuma da masu masaukinmu. Inugu ce ta zaɓi Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinta na farko a shekarun 1950. In gobara ta taɓa rumfar maƙwabcinka Ibo, kai ne na farko da ya kamata ya iso da bokiti.

Iyakar abin da kwamiti ya ɗora mana ke nan. Inda muka yi kuskure a gafarce mu, wanda maganarmu ta taɓa ya yafe mana, da mu da shi duk laifin ya shafa. Ma'aji yana nan bakin ƙofa da littattafansa biyu. Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwa, ya mai da baƙinmu gida lafiya.